Sunan Mutum a Littafin Hukuma

Duk wanda ya taɓa koyar da manya a ajin yaƙi da jahilci ya san abin da ɗalibi yakan fara roƙo. Tun kafin a kai ga wasiƙa ko jarida, so yake a nuna masa yadda zai rubuta sunansa, don ya huta da dangwala yatsa cikin tawada a gaban 'ya'yan cikinsa. Amma in malami ya ɗauki alli ya ce, "To, Baba, yaya sunan?" sau da yawa sai dattijo ya yi jim kafin ya amsa. Tunani yake yi, cikin sunayensa wanne ya kamata a sa a allo.

Dalili kuwa, Bahaushe ba ya zaman duniya da suna guda. Akwai na yanka, wanda liman ya faɗa da sassafe ran bakwai, aka yanka rago, aka raba goro. Akwai wanda uwa take kiransa da shi, don in ɗan fari ne, ko kuwa an sa masa sunan surukinta, kunya ba ta barinta ta kama sunan. Akwai na ranar da aka haife shi, akwai wanda sana'a ta ba shi, akwai kuma wanda abokan wasa suka laƙa masa yana fushi, har ya bi shi zuwa furfura. Mutum guda a Anka yana iya zama Muhammadu ran suna, Ɗanjuma a ɗakin uwarsa, Maigoro a kasuwa. Baƙon da ya sauka garin yana cigiyar Muhammadu ɗan Abubakar zai wuni ana nuna masa ƙofofi. In ya ce Ɗanjuma Maigoro, yaro ƙarami ya isa ya kai shi zaure. Ko sarakuna ba su tsira ba. Sarkin Anka Sarkin Zamfara ne, na Zurmi ma Sarkin Zamfara ne. Na Gummi Sarkin Mafara ne, haka kuma na Talatar Mafara. Sai an ƙara sunan gari a baya sa'an nan a san wanda ake nufi, kamar yadda ake cewa Sarkin Dankon Bukkuyum don kada hankali ya tafi Danko ta ƙasar Zuru.

Muddin magana a baki take, wannan yawan sunaye ba ya cutar kowa. Ranar da hukuma ta buɗe littafi ta ce za ta rubuta mutane, ran nan ake shiga wahala, don littafi layi ɗaya yake ba kowa. Akwai wata al'umma can nesa wadda ta gamu da wannan matsala shekara fiye da 450 da suka wuce, kuma dabarar da marubutanta suka yi ta isa a tsaya a dube ta.

Ƙasar ita ce Meksiko, can yamma bayan an ƙetare Tekun Atlantika, tana kudu da Amurka. Mutanen tsakiyarta suna magana da wani harshe wai shi Nawatil, Turawa kuwa sun fi saninsu da sunan Aztek. Har yanzu masu jin harshen sun fi miliyan ɗaya da rabi. Kowace mai girki a Gummi tana faɗin kalma ɗaya tasu kullum ba ta sani ba, don sunan tumatir daga bakinsu ya taso, ya bi ta bakin Turawa har ya iso kasuwa. Turawan Sifen sun sauka ƙasar a 1519 bayan wani madugun yaƙi mai suna Kortes, suka ci babban birninsu, Tenoctitilan, a 1521. Suka tarar mutanen suna da marubuta, da takarda ta ɓawon itace, da littattafai masu naɗewa. Sai dai rubutun nasu ba shi da baƙaƙe irin na boko ko na ajami. Da zane suke rubutu, kuma inda rubutun ya fi ƙarfi shi ne wajen sunayen mutane, da na garuruwa, da kwanan wata, da lissafin abin da aka biya sarki.

Ga yadda suke yi. Marubuci zai zana mutum a zaune, sa'an nan ya ja ɗan siririn layi kamar zare daga ƙeyarsa, a ƙarshen zaren ya yi wani ɗan zane. Wannan ɗan zane shi ne sunan. Sarkinsu na farko sunansa Akamapictili, watau damƙin kyauro, sai a zana hannu ya damƙi kyauro. Wani sunansa Cimalpopoka, garkuwa mai hayaƙi, sai a zana garkuwa hayaƙi na tashi daga kanta. Wanda ya rasu a 1440 sunansa Itskowatil. A ƙasarsu akwai wani baƙin dutse mai ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba, wanda suke yin wuƙa da bakin kibiya da shi, sunan sarkin kuwa yana nufin macijin wannan dutse, saboda haka sai a zana maciji da tsinin dutse jere a gadon bayansa. Na ƙarshe, wanda Turawa suka kama a 1521 suka rataye a 1525, sunansa Kwautemok, gaggafa mai saukowa. Ana iya ganin na farkon nan uku cikin wani littafi da marubutan ƙasar suka yi wa Turawa wajen 1541, wanda yake ajiye a ɗakin littattafan Jami'ar Okusfod a Ingila.

Da irin wannan marubuci zai zo Sakkwato a ce ya jera Sarakunan Musulmi, da bai sha wuya ba wajen waɗansu. Wanda ya yi sarauta daga 1915 zuwa 1924 sai ya zana masa kwalbar turare, wanda ya gaje shi har 1931 ya zana masa tambari. Kowa ya gani ya san Maiturare ne da Tambari. Abin lura a nan shi ne, su biyun nan uba ne da ɗa, kuma dukansu Muhammadu ne. Sunan yanka bai rarrabe su ba, laƙabi ne ya rarrabe su, shi ne kuma mai zanuwa.

To, ina labarin sunan da ba shi da sura? A nan ne gwanintarsu ta fito. Sai su nemi wani abu mai zanuwa wanda sunansa ya yi kama da sautin da suke so, su zana shi, mai karatu ya ɗauki sautin ya bar ma'anar. Misali da Hausa: a ce ana son rubuta Musa, ga shi kuwa ba a zana Musa. Amma a ƙasar Zamfara da Sakkwato kyanwa mussa ake ce mata. Sai a zana kyanwa, Bazamfare ya duba ya ce mussa, ya gane Musa ake nufi. Bakano kuwa sai ya ce mage, ya ɓata. Irin wannan rubutu na masu harshe ne, baƙo ba ya karanta shi da ido kaɗai. Su a harshensu haƙori sunansa ya yi kama da gaɓar nan tilan da ke ƙarshen sunayen garuruwa da yawa, saboda haka garin Masatilan, watau wurin barewa, sai a zana masa kan barewa da haƙora. Tuta tana ba da sautin pan, ruwa yana ba da sautin a. Turawa sun daɗe suna cewa wannan hotuna ne kurum, ba rubutu ba, kamar yadda har gobe akan sami mai ƙirga malamin da ya iya ajami cikin jahilai don bai iya boko ba. Wani Bafaranshe mai suna Oban ya nuna tun 1849 cewa zanen yana ɗauke da sauti, a 2008 kuma wani masani ɗan Sifen, Lakadena, ya jera gaɓoɓin ya nuna suna da ƙa'ida tabbatacciya.

Da wannan dabara har sunayen Turawa suka rubuta. A 1535 Sarkin Sifen ya aiko wakilinsa na farko ya riƙe ƙasar, sunansa Mendosa. Harshen Nawatil ba shi da harafin d. Sai marubuci ya zana wani tsiro mai kama da kabar giwa, wanda sunansa ya fara da me, ya haɗa da wani ɓera mai haƙa rami kamar gafiya, wanda suke kira tosan. Me da tosa, ga Mendosa ya fito, babban gwamna ya zama tsiro da gafiya a takarda. Hausawa su ma ba su bar Turawansu da sunayen da suka zo da su ba. Wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909 Ɗan Hausa aka san shi, har gidansa ma da wannan suna ake kiransa. Razdan ɗin da ya yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma kuwa aka sa masa Mai Gunduma.

Sunayen sarakuna da gwamnoni abin sha'awa ne, amma inda zancen ya shafi talaka shi ne littafin haraji. Akwai wani gari mai suna Weshotsinko, gabas da babban birnin, bayan duwatsu. Mutanensa sun taimaki Kortes wajen yaƙi, suna zaton za a saka musu da sauƙi. Maimakon haka aka aza musu haraji mai nauyi, har a 1560 dattawan garin suka rubuta wa Sarkin Sifen wasiƙar kuka da harshensu, suka ce an yanka musu kuɗin azurfa 14,800 a shekara, ban da masara. A wannan shekara aka yi ƙidayar garin da ƙauyukansa, aka rubuta magidanta dubbai ɗaya bayan ɗaya. Littafin yana nan, an ajiye shi a babban ɗakin littattafai na ƙasar Faransa a birnin Faris.

Wanda ya buɗe shi zai ga kawunan mutane jere daga sama zuwa ƙasa, an kasa su ashirin-ashirin, kowane kashi da mai kula da shi kamar mai unguwa. Tsoho an yi masa tamoji a fuska. Wanda abokin zamansa ya rasu an zana masa hawaye. Mai sana'a an sa alamar sana'arsa. A gaban kowane kai kuma akwai suna iri biyu. Ɗaya da baƙaƙen Turawa: Huwan, ko Fedro, ko Diyego, watau sunan da limaman Kirista suka raɗa wa mutum sa'ad da suka shigar da shi addininsu, sa'an nan sunansa na gida ya biyo baya. Ɗayan kuwa da zane, kuma zanen ba ya kula da Huwan ko Fedro. Sunan gida yake nunawa: zomo, ko barewa, ko maciji, ko ɗigon ruwan sama, ko garkuwa da kulki ga wanda ake kira Yawotil, watau abokin gaba, sunan da ya fi yawa cikin mazansu.

Me ya sa suka wahalar da kansu da zane, alhali ga baƙaƙe sun samu? Sunayen da limaman nan suke rabawa kaɗan ne, kamar yadda Muhammadu da Abubakar da Usmanu suka cika kowane gari a nan. In shafi guda ya tara Huwan biyar, alƙalin Turawa ba ya iya cewa wanne ya biya. Mai kula da mutum ashirin ɗin nan kuma, wanda shi ne zai bi gida-gida, ba lalle ne ya iya baƙaƙe ba, amma in ya ga zomo ya san gidan da zai nufa. Shi kansa manomin yana iya leƙa littafi ya ga zomonsa, ya tabbata an sa shi sau ɗaya, ba a sa shi sau biyu ba. Ashe littafin yana magana da mutum biyu a lokaci guda, baƙon da ke mulki da ɗan garin da ake mulka, kowa da layin da zai karanta. Littattafan hukuma kaɗan ne, a da ko a yanzu, suka yi wa talaka wannan adalci.

Sunayen nasu na gida ma, mai karatu zai ga kamar ya san su. Sukan raɗa suna kwana huɗu bayan haihuwa, ungozoma ta yi wa jariri wanka, yara su yi shelar sunan. Suna da lissafin kwanaki 260, kowace rana da sunanta, sau da yawa yaro yakan ci sunan ranar da ya faɗo, kamar Ɗanladi da Talatu da Balarabe. Mata kuwa an fi kiransu da matsayinsu a ɗaki: ta fari, ta tsakiya, ƙanwa, da Shoko, wadda ita ce Auta.

Akwai wani abu kuma cikin irin waɗannan littattafai wanda ba a dubansa da dariya. A littafin wani yanki kusa da birnin Teskoko, wanda aka yi wajen 1540, an zana kowane gida da mutanensa, miji da mata an haɗa su da jan layi, 'ya'ya na biye, ga kuma awon gonakinsu. Fuskoki da yawa an shafe su da baƙi. Waɗannan su ne suka mutu bayan an yi littafin. Agana ta shiga ƙasar a 1520, wata annoba mai tsanani ta biyo a 1545, wata kuma a 1576, mutane suka ƙare kamar an yi shara. Marubuci bai kankare sunan mamaci ba, fuskar kawai ya baƙanta, sunan yana nan a gefenta. Ba don juyayi kaɗai ya yi haka ba. In mamaci ya zauna cikin lissafi kamar mai rai, harajinsa a kan masu rai zai faɗa.

Wannan magana dattawan Zamfara ba su bukatar a fassara musu ita. Turawan Ingila sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, Anka da Gummi da Bukkuyum suka zama gundumomi ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kowace da uban ƙasarta. Kowace shekara a yi ƙidaya, a yanka wa gari abin da zai biya, mai gari ya raba wa magidanta, Fulani kuma su biya jangali bisa kan shanu. In wani ya mutu, ko ya tafi cin rani bai komo ba, kuma ba a fid da shi daga lissafi ba, sauran ne za su cike. Malamin haraji yana rubuta suna da sunan uba, ya yanka rasit. To, a ce ƙauye guda yana da Muhammadu ɗan Abubakar uku. Ɗaya ya biya, ya soke rasit a jinkar ɗaki, gara ta ci. Ran da dogari ya zo, littafi ya nuna Muhammadu ɗaya ya biya, biyu ba su biya ba, amma bai ce wanne ba. Abin da marubucin Meksiko ya sa a takarda da ɗan zanensa, a nan cikin kan mai unguwa yake zaune. Shi ne ya san wane ne Dogo, wane ne Maƙeri, wane ne Na-Gulbi. In mai gaskiya ne, an huta. In ba haka ba, mai rasit ɗin da gara ta ci ya biya sau biyu, kuma ba shi da bakin musu, tun da ko an buɗe masa littafin ba ya ganin kansa a ciki. Cikin dalilan da suka sa manya suka cika azuzuwan yaƙi da jahilci a shekarun 1950 har da wannan: mutum ya iya karanta rasit ɗinsa, ya kuma ga abin da malamin sikeli ya rubuta ran sayar da auduga ko gyaɗa.

Ko da aka samu baƙaƙen, hannun baƙo ya riga ya taɓa sunayen. Bature ya ji Sakkwato ya rubuta Sokoto, ya ji Tsafe ya rubuta Chafe, ya ji Kwatarkwashi ya rubuta Kotorkoshi, Bukkuyum kuwa a tsofaffin taswirori Bukwium take. Haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka zauna cikin boko, kuma yawancin keken rubutu na ofis ba su da su. Saboda haka Baƙo ya zama Bako, Ɗahiru ya zama Dahiru, kuma lanƙwasa ɗaya tak ce tsakanin Dauda da dauɗa. Makarantar boko ta ƙara nata. Da yara masu suna ɗaya suka yi yawa a aji, sai aka riƙa liƙa wa kowa sunan garinsu. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Raba ne a Kwalejin Katsina, haka aka samu Aminu Kano da Shehu Shagari. Babban malamin nan haifaffen Gummi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, ya fassara Alƙur'ani da Hausa, ya rasu a 1992, duniya ta san shi da Abubakar Gumi, da m ɗaya. A ajami shadda ce take nuna nauyin harafin, a bokon ofis kuwa ta faɗi a hanya, har waɗansu na nesa ba su san sunan gari ne a gefen Gulbin Zamfara ba.

Kada a ɗauka sunan yanka a nan daidai yake da Huwan da Fedro na can. Su baƙi ne suka ɗora musu, da yawansu suna manya. A nan uba ne yake zaɓa wa ɗansa sunan annabi ko na sahabi da farin ciki, tun ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya zo, kuma da shi ake ɗaura aure, da shi ake yi wa mutum addu'a. Kamar dai tana wuri ɗaya ne: sunayen kaɗan ne, masu su da yawa. Laƙabi kuwa labari ne a dunƙule. Tanko ya gaya wa kowa mata ne a gabansa, Kande ko Delu maza ne a gabanta. Gambo ya biyo tagwaye. Audi bai tarar da ubansa da rai ba. Cindo yana da yatsa shida, Anaruwa an haife shi ana ruwa, Nomau ya zo da damina ana tsakiyar aiki. Ajuji kuwa, uwarsa ta binne 'ya'ya kafin shi, har aka yi kamar ba a damu da shi ba ko mutuwa ta kau da kai. Wanda ya ji an kira Ajuji ya ji fuskokin da aka shafa wa baƙi a wancan ɗaki, ko ba a zana su ba.

Ƙasar nan ta ga irin wannan baƙin shafi ba da daɗewa ba. A 2010 aka gane gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya har Bagega, saboda niƙan dutsen zinariya da ake yi cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. Waɗanda suka rayu an yi musu magani zagaye bayan zagaye, ana auna jininsu, ana duba ko gubar ta ragu. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai littafi ya rarrabe wannan Hasan da wancan, ya kuma gane cewa yaron da uba ya kawo da suna Usmanu shi ne wanda uwa ta kawo wancan watan ta ce Shehu, don bakinta ba ya iya kama sunan.

Yau haraji irin na da ya wuce, amma littattafan hukuma sun fi na da yawa, sun kuma koma cikin kwamfuta. An kafa hukumar katin ɗan ƙasa a 2007, bankuna suka fito da lambar BVN a 2014, a watan Disamba 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambarsa ta NIN. Lambar nan mai alƙaluma 11, tare da hoton yatsu, tana rarrabe Muhammadu uku fiye da yadda kowane mai unguwa zai iya, wannan gaskiya ne, ba a hana ta. Amma takardar da ake cikawa an yanka ta ne bisa al'adar Turawa, da gurbin sunan dangi, abin da Bahaushe bai gada ba, kuma ba ta da gurbin sunan da gari ya san mutum da shi. Sai wannan ya sa sunan uba, wancan ya sa na kaka, wani ya sa na gari, gobe a wani ofis ya juya su. Ga kuma rubutun: Muhammadu a makaranta, Mohammed a banki, Muhammad a katin ɗan ƙasa, Mamman a katin zaɓe. Mai unguwa ya san Garba da Habu da Buba duk Abubakar ne, Sanda Umaru ne, Mani Usmanu ne. Kwamfuta ba ta san haka ba, harafi take ƙirgawa. Harafi ɗaya ya isa a tsare wa mutum kuɗinsa, ko a hana ɗansa rajistar jarrabawa, sai ya bar gona ya hau mota zuwa Gusau neman takardar rantsuwa, don ya tabbatar wa hukuma shi ne shi.

A Meksiko zanen suna bai yi ƙarko ba. Kafin ƙarni na 17 ya yi nisa marubuta sun koma baƙaƙe zalla, sunayen gida ma suka yi ta raguwa, aka koma haɗa na Turawa biyu, kamar Huwan Diyego. Masanan da ke bin tsofaffin littattafan nan yanzu, daga ɗan zanen zomo da na ruwan sama suke gane yadda mutanen suke kiran junansu, da abin da suke tsoro, da abin da suke yi wa dariya. Jerin Huwan da Fedro ba ya gaya musu kome sai yawan kawuna. A nan ma an fara jin iyayen zamani suna ƙyamar Tanko da Kande, wai sunayen ƙauye ne.

Wanda ya fita aji da takardar shaida yana da abin da manomin da gara ta ci wa rasit bai samu ba. Yana iya zaɓen rubutu ɗaya na sunansa, da jeri ɗaya, ya riƙe shi a kowane ofis. In ma'aikaci ya gama cika takarda, yana iya cewa, "Malam, don Allah in gani," ya bi harafi-harafi kafin ya sa hannu, don gyara a kan tebur kyauta ne, gyara daga baya kuwa sai da kuɗin mota. Ran sunan ɗansa yana iya zuwa a yi masa takardar haihuwa, ya tsaya a rubuta yadda yake so.

Abin da takardar hukuma ba ta da gurbinsa kuma, littafin rubutu na 'yan makaranta guda ɗaya ya ishe shi. A ja layi biyu a raba shafi uku. A gurbi na farko sunan yanka, yadda yake a katin mutum. A na biyu sunan da ake kiransa a gida, da lanƙwasarsa da nauyin harafinsa, da boko ko da ajami. A na uku dalilin sunan, da shekarar haihuwa in an sani, ko abin da ya faru a shekarar. A fara da tsofaffin gidan tun suna nan, don kaka ce ta san abin da ya sa aka ce da wane Baƙo, da ko wane ne baƙon da ya sauka daren. Wanda Allah ya yi wa rasuwa kuma kada a kankare shi. A yi ɗan gicci a gefe, a sa shekara, a bar sunayensa biyu inda suke.